Idon da ke Kan Teburin Sailuba

Alhamis, da hantsi

Tunda an hana ni faɗa da baki, bari in rubuta abin da na gani yau da safe.

Na shiga ɗakin Sailuba, matar Yaya Muktar, in jona kwamfuta da wayar sola kamar yadda nake yi kullum kafin in fita kabu-kabu. Ita ta zaga wanka. Kwamfutar tana kan tebur a buɗe, tana fuskantar gado, yadda Yaya ya ajiye ta kafin ya koma Kandi, can tsallaken iyaka. Ban taɓa ta ba. Hannuna ɗaya na riƙe da wayar sola, ɗaya na cikin aljihu. Sai 'yar kibiyar nan ta cikin kwamfutar ta motsa. Ta taso daga ƙasan gilashin, ta hau a hankali, ta tsaya, ta danna wani abu. Wata 'yar fitila fara ta kama kusa da idon kyamara. Sai ga fuskata a gilashin, baki buɗe kamar tarwaɗa a kwando. Kibiyar ta ruga ta rufe.

Amma kafin ta rufe na ga kusurwar dama. Akwai ɗan akwati, da suna a ciki, da ɗan hoton mutum mai shuɗiyar hula. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma wanga suna ko da yatsan ƙafa aka rubuta shi zan karanta.

Akwai mutum tsaye a bayana. Kunu mai zafi ya zubo mini a diddige. Aka kama wuyan hannuna, aka matse, aka ce, "Bunyaminu, ba ka ga komi ba."

To. Ban ga komi ba.

Juma'a, bayan masallaci

Diddigena ya yi bororo. Da ƙyar nake taka giya.

Kwamfutar nan da rani Yaya ya kawo ta, ta hannu ce, daga wani shago a tsallaken iyaka. Ni na ɗauko shi daga Tsamiya, yana rungume da ita kamar jariri. Faransanci take yi. Duk gidan nan muna jin Hausa, muna jin Dendi, babu mai karanta Faransanci. Yaya ya ce ba matsala: duk abin da ta tambaye ku, ku danna wi, wato na yarda. Haka muke yi tun daga ranar. Akwati ya fito, wi. Wani ya fito, wi. Har Sailuba ta mai da shi abin wasa, in na ce a ƙara mini miya sai ta ce wi.

Ya kafa dokoki kafin ya tafi. Kada a kashe ta. Kada a rufe marfinta. Kada a ɗaga ta daga tebur. Kada a cire 'yar na'urar data, shi zai riƙa saye daga can. Ya ce don in ya kira a gan shi da sauri.

Lokacin na ce kai, Yaya na son iyalinsa.

Lahadi, la'asar

Na dawo daga Geza, taɓo har gwiwa, na tarar da 'yan kabu-kabu sun haɗa kai a kan waya ɗaya ƙarƙashin darbejiyar tasha. Ina zuwa suka watse. Wani ya ce, "Ga mai kyamara nan." Aka yi dariya.

Na karɓi wayar na duba. Ni'ima ce, matar maƙwabcinmu Na'Allah. Tana zaune a tabarmar ɗakin Sailuba ana yi mata kitso, ba ɗankwali, da ɗaurin ƙirji. Gefen hannun Sailuba kawai ya fito, riƙe da tsinken kitso. Matar da ko muryarta ban cika ji ba, yau ga ta a hannun mutum goma.

Na mai da wayar. Amma na lura da abu guda: hoton daga ƙasa aka ɗauke shi, daidai tsayin tebur. Wanda zai ɗauki wannan da hannu sai ya durƙusa gaban matan nan biyu, suna kallonsa.

Litinin, da safe

Na'Allah ya shaƙe ni a ƙofar gida ina tura mashin. Mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya da azumi.

"Wane ƙato ke shiga gidan nan in ba kai ba?"

"Yaya Na'Allah, sake mini riga mu yi magana."

"Kada ka sake ce mini yaya. Ɗan iska."

Ban ɗaga hannu ba. Maɓallaina biyu suka faɗi, na tsince su.

Litinin, bayan azahar

An zauna a zaure. Baffa Sambo, ƙanen mahaifinmu, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Na'Allah na gefe yana huci.

Na ce ba ni ba ne. Na ce kwamfutar ce, na ga kibiyarta na tafiya babu mai taɓa ta, na ga fitilar idonta ta kama.

Baffa ya ce, "Ita kaɗai?"

"Awo, Baffa."

"Ta tashi ta ɗauki hoto, ta hau mashin ta kai tasha?"

Na'Allah ya yi wata dariya mai kama da tari. Ya ce kowa ya san yadda nake da matan gidan nan. Ina kiran Sailuba amaryata, tana kirana ƙaramin miji, ina shiga ɗaki ba sallama. Wasan da kowane ƙanen miji ke yi da matar wansa tun kakanni, yau shi aka shimfiɗa a tabarma ana nuna shi da yatsa.

Baffa ya ce, "Mutum ba ya shaidar kansa. Wa ya ga wanga abu bayan kai?"

Na kalli ƙofar cikin gida. Labulen bai motsa ba.

Na ce, "Babu."

Hukunci: daga yau ƙafata ba ta wuce zaure. Za a fito mini da tabarma da kayan sawa. Gidan da aka binne cibiyata.

Talata, asuba

Sauron zaure ba ya jin hayaƙi.

Laraba, da hantsi

Inna ta kawo kunu da ƙosai, ta ajiye a bakin ƙofa, ta tura da ƙafa. Ba ta dube ni ba. Na ce, "Inna, an kwana lahiya?" Ta ce, "Lahiya," tana kallon akuya.

Na sha. Kunun ya yi sanyi.

Alhamis, magariba

Tun safe nake tasha. Maza suna hawa, su ba ruwansu, har suna tambaya ko akwai wani sabo. Mata kuwa ko ɗaya. Akwai magidanta a Bagudo da ba sa yarda kowa ya kai matansu awon ciki sai ni, don ba na gudu, ba na surutu, ba na juya madubi. Yau na ga ɗaya daga cikinsu ya wuce ni ya tsayar da yaron da ya kayar da tsohuwa a kwalbatin Lafagu.

Ina da haƙuri. Kowa ya san ina da haƙuri. Da haƙurin nan aka auna aka ga ni ne zan iya ɗauka.

Juma'a, la'asar

Yaya ya kira ni. Na tsaya gefen hanya na ɗauka.

"Bunya, mi nake ji?"

"Abin da ka ji, Yaya."

"Ka ba ni kunya. Ni ina nan ina fama da dakon waken suya, kai kana can kana zubar da mutuncin gida. Ka ba Na'Allah haƙuri, a rufe magana."

"In ba shi haƙurin mi?"

"Ka dai ba shi. Kuma kada kowa ya taɓa kwamfutar nan, ka ji? A bar ta inda take."

Na ce na ji. Bai tambaye ni ko ni na yi ba. Duk Bagudo shi kaɗai ne bai tambaya ba.

Asabar

Ban ga komi ba. Ban ga komi ba. Ban ga komi ba.

Lahadi, da yamma

Na tafi fadama na yi ciran shinkafa don kada in zauna kusa da mutane. Ruwan Kwara ya fara hawowa. Na yi ta tuge ciyawa har na tuge shinkafar ma ban sani ba.

An ce Ni'ima ba ta cin abinci. An ce danginta sun aiko a mai da ita gida, Na'Allah ya hana. Ita mi ta yi? Ta je kitso gidan maƙwabta, inda babu namiji, ta cire ɗankwali kamar kowace mace.

Fushina ba na Na'Allah ba ne. Da ni ne shi, da na yi fiye da maɓalli biyu.

Talata, bayan asuba

Na idar da salla na ji an kira ni daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙaramin miji."

"Ki daina kirana haka, Sailuba. Kin ga inda ya kai ni."

Sai ta turo bahon wanki ta ƙarƙashin labule, an rufe da tsohon zane. Na ɗaga. Kwamfutar ce, da na'urar datar.

"Ɗauke ta. Ni ban san komi ba, amma tun da ka faɗi maganar fitilar nan na fara lura. Jiya ina shafa mai ta kama. Na jefa mata zane. Ba a jima ba yayanka ya kira, wai in cire zanen zafi zai lalata ta."

Ina jin numfashinta ta labule.

"Mai yiwuwa dacewa ce," in ji ta.

Na ce, "Mai yiwuwa."

Talata, bayan la'asar

Na kai ta wurin Zulkiflu, mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa. Tare muka yi firamare, shi ya ci gaba har Birnin Kebbi.

"A'a, mai kyamara! Namu ka zo ɗauka? Bari in gyara hula."

Na ajiye bahon a kan bencinsa. Ya dubi fuskata ya daina.

Da farko ya cire na'urar data ya ajiye gefe, ya ce kada ta sha iska tukuna. Ya juya harshen kwamfutar zuwa Turanci. Ya buɗe wani wuri, sai ga abubuwa jere-jere suna ta aiki, alhali ni a ganina babu abin da aka buɗe.

Ya ce, "Duk waɗannan da kake gani, da an kunna ta suke tashi. Ba sa fitowa fili, suna can baya suna hidimarsu. Wasu dole ne, in babu su ba ta tafiya. Wasu kuwa ƙofa ce kawai aka bari a buɗe. Kuna da na'urar buga takarda a gida?"

"Ina muka gan ta?"

"To ga wani nan tsaye dare da rana yana jiran ta. Wanga kuma na raba kayan cikinta ne da wasu kwamfutoci. Kuna da wata?"

"Babu."

"Wa ya kunna su?"

Na ce mu dai an ce duk abin da ta tambaya mu danna wi.

Ya dafe kai. "Bunyaminu, watanni tana tambayar ku, in bar wane ya shigo? In ba wane ido? In ba shi kunne? Ku kuna ta wi."

Har da kunne. Ban san da kunne ba. Duk hirar da matan unguwa ke yi a ɗakin nan.

Sai ya nuna mini babban. Wanda ke ba mutum damar zama a wani gari ya riƙe kibiyar kamar yana gabanta. Ya ce masu gyara suna sa shi don su taimaki mai saye daga nesa, amma wannan an saita shi ya buɗe ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ya danna, sai ga waɗanda suka saba shigowa. Su biyu ne. Na farko mai shuɗiyar hula. Na biyu ba hoto, ba sunan mutum, wasu haruffa ne da lambobi.

Zulkiflu ya karanta na farkon. Bai faɗa da ƙarfi ba. Ya cire tabarau ya goge.

Na ce, "Na biyun fa?"

"Allah ya sani. Mai shagon da ya saita ta, ko yaronsa, ko wanda suka ba. Ita ƙofar ba ta san fuska ba. Wanda duk ke da makulli yana shiga."

Na ce ya kashe duka. Duka, har ta koma katako.

"A'a. Kana kashe na banza, ka bar na aiki. Wanga mai gadinta ne, in ka kashe shi ka ƙara buɗe ta. Wanga ke kawo mata gyara daga kamfani, shi ma a bar shi. Wanda ba ka san aikinsa ba kada ka taɓa sai ka tambaya. Zo nan. Kai za ka yi da hannunka."

Ya ɗauki hoton sunayen nan biyu da wayarsa. Sannan na zauna. Ya nuna, na danna: tsayar, sannan hana shi tashi gobe. Mu kashe kwamfutar mu kunna, mu ga ko tana lahiya, sannan mu koma kan na gaba. Na mai buga takarda. Na raba kaya. Izinin ido. Izinin kunne. Babban kuwa ba tsayar da shi kawai muka yi ba, tuge shi muka yi gaba ɗaya. Ya sa na canza kalmar buɗewa, ya juya baya ina rubutawa. Ya yanki ɗan baƙin salatif ya manna a idon.

"Wanga na mi, tunda mun kashe?"

"Na kwanciyar hankalin Sailuba."

Tun ranar da aka fitar da ni zaure, yau ne na fara jin yunwa.

Laraba, da safe

Na tura bahon ta ƙarƙashin labule. Na ce ta mai da ita kan tebur, ta jona komi yadda yake. Ta ce an gyara? Na ce an rufe ƙofofi. Ta ce su wa ke shigowa? Na ce Sailuba, ni ban ga komi ba.

Laraba, magariba

Zulkiflu ya turo mini hoton sunayen. Na buɗe, na rufe, na buɗe. In na kai wa Baffa, na tona gidanmu da hannuna. In ban kai ba, ni ne ɗan iskan Bagudo har in mutu, kuma duk macen da zan nema sai an nuna mata Ni'ima.

Shi yana Kandi yana cin doya da miya.

Alhamis, bayan azahar

Ban kai ba. Ashe ba sai na kai ba.

Wayar Inna ƙarama ce mai tocila, kuma kunnenta ya yi nauyi, don haka kullum a buɗe take sa murya, duk gida na ji. Ina zaure ina ɗaure birkin mashin ta yi ƙara. Ita da Sailuba suna tsakar gida suna tsintar shinkafa.

Ko gaisuwa bai gama ba. "Inna, wa ya taɓa kwamfutar nan? Ban ce kada a taɓa ba? Tun jiya nake gwadawa ba ta buɗe mini!"

Inna ta ce, "Muktar, ana jin ka."

Ta makara. Na ji tire ya faɗi, shinkafa ta watse, kaji suka rugo.

Sailuba ta ce, "Maigida, ba ta buɗe maka? Daga Kandi take buɗe maka?"

Ta ƙara ɗaga murya.

"Ga ta nan kan tebur tana aiki lahiya lau. Mi kake so ta buɗe maka?"

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya ce shi mai gida ne, yana da ikon sanin abin da ke gudana a ɗakinsa. Ya ce shi bai ɗauki hoton kowa ba, wallahi bai ɗauka ba, shi dubawa kawai yake yi. Sannan wayar ta mutu, ko aka kashe ta, ban sani ba.

Na yarda bai ɗauka ba. Na san shi. Shi dai ya sa aka huda bango, ya bar wa mai hudar makulli.

Ba wanda ya kore kajin nan. Sun cinye shinkafar tas.

Juma'a, da hantsi

Ba a kawo kunu ba.

Juma'a, la'asar

Sailuba ta aika wa Baffa da kanta, ta ce a sake zama. Ya ce gobe da safe. Ya tsaya a kaina a zaure yana jan carbi.

"Zancen waya na ji. Mace mai fushi da miji tana jin abin da take so. Hoton Zulkiflu kuma, abokinka ne, na'urar ta wuni a hannunku, kuna iya rubuta sunan kowa. Na'Allah ba zai karɓa ba, ni ma ba zan ɗora wa ɗan'uwanka wanga abu a kan haka ba. Ka ce ka gani tun kafin hoto ya fita. In da mai shaida, ka kawo. In babu, ka ba da haƙuri, ka tafi Geza wurin dangin uwarka ka yi damina."

Na ce Allah ya kai mu, Baffa.

Ina da daren nan in zaɓa. Ba na son ko ɗaya.

Asabar, bayan azahar

A ɗakina nake rubuta wannan, cikin gida. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan ƙusar da nake rataye hula.

Na'Allah ya riƙe hannuna a ƙofar gida gaban mutane, ya ce in yafe masa. Na yafe. Ya ce zai je tasha da kansa ya faɗa. Zai faɗa, amma hoton Ni'ima na nan cikin wayoyi, babu abin da za a danna ya dawo da shi. Mai suna na biyu ba mu san shi ba, wataƙila har abada. Sailuba ta haɗa akwati, ni zan kai ta Lafagu gidan iyayenta in rana ta yi sanyi. Ta ce ba ta hawa mashin ɗin kowa sai nawa. Kwamfutar tana ƙarƙashin gadona a rufe. Yaya bai kira ba.

Na ɗauka in aka wanke ni fushin zai tafi. Yana nan, ya koma ciki ne kawai.

Ga yadda aka yi. Muna zaune a zaure, ni da Baffa da Na'Allah da Zulkiflu. Zulkiflu ya yi bayaninsa, ya nuna hoton. Na'Allah ya ce shi bai san boko ba, a kawo masa mutum mai ido. Baffa ya juyo.

"Karo na biyu ke nan, Bunyaminu. Wa ya gani bayan kai?"

Daga cikin gida ana daka. Na san hannun kowa a kan taɓarya. Na jira. Na ce a raina, in dakan ya tsaya, in labulen nan ya ɗaga da kansa, ba sai na buɗe baki ba. Na jira har Na'Allah ya fara neman takalminsa. Dakan bai tsaya ba. Ƙara sauri ma ya yi.

Sai na cire takalmi na nuna musu tabon diddigena. Na ce, "Baffa, a tambayi wanda ya zubo mini kunu a nan."

Dakan ya tsaya.

Baffa ya daɗe yana kallon ƙafata. Sannan ya ɗaga murya ya kira suna, sunan da ba a kira a gidan nan tun Baba na da rai. Aka zo bayan labule, ba a ɗaga shi ba.

"Kin ji abin da ɗanki ya ce. Ke da Allah."

Muryar da ta fito kamar ba tata ba. "Na gani. Abin na tafiya ba mai taɓa shi. Ban iya karatu ba, amma na ga hular. Ni na saya masa ita da sallar bara." Ta tsaya. "Na ce wanga mai haƙuri ne, zai iya ɗauka. Wancan in aka sani aurensa ya mutu."

Baffa ya ce in tashi in shiga gida.

Na wuce ta gefenta. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ban sani ba ko gobe za ta amsa gaisuwata.

Tun farko na bar wurin nan babu suna, ina cewa aka kama, aka ce. Yau zan cike shi. Safiyar Alhamis ɗin nan na ga kibiya ta tashi, na ga fitila ta kama, na ga sunan Muktar, wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma ba ni kaɗai na gani ba. Wadda ke tsaye a bayana da kwanon kunu, wadda ta matse mini hannu, sunanta 'Yar Baba. Inna. Mahaifiyata.